Kundin Aikin Karatun Hugo: Daga Rigimar Spokane Zuwa Ta Chengdu

11 ga Janairu, 2025

Zauren karatunmu ya tsayar da shawarar cewa bana ƙagaggun labaran kimiyya za mu taɓa, aka kuma ɗora mini nauyin fitar da jerin littattafan da za a bi. Niyyata in kwaso sunayen waɗanda suka ci kyautar Hugo cikin shekara goman nan in miƙa, in huta. Malam ya ce atafau. A cewarsa, kyautar da tun bara ake tonon silili a kanta ba za ta zame mana ma'auni ido rufe ba. Ƙanwarmu mai karatun digiri ta ce, "Malam, da girman kujerarka, to wace kyauta ce a fannin nan ta kama ƙafarta?" Aka yi ta ja har aka kira magariba. Abin da aka tsayar shi ne in karanta littattafan shekarun da aka yi rigima, waɗanda suka ci da waɗanda aka ture, in kawo wa zaure abin da na gani.

Sai an san yadda ake bayar da Hugo kafin a gane rigingimunta. Ba alƙalai ke zaɓe ba. Duk wanda ya biya kuɗin zama mamba na babban taron masoya wannan fanni, Worldcon, yana da ƙuri'a, ko da ba zai taka ƙafarsa wurin taron ba. An fara bayar da ita a 1953 a Philadelphia, da sunan Hugo Gernsback wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Zagaye biyu ake yi. A na farko kowa ya rubuto abin da ya burge shi a shekarar da ta wuce, a tattara waɗanda suka fi samun ambato. A na biyu a jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma a cikin jerin akwai gurbin "babu wanda ya cancanta". Bayan biki sai a saki cikakken lissafin ƙuri'u, har da sunayen waɗanda suka kusa shiga ba su shiga ba. Wannan lissafi shi ne zan fi dogara da shi.

2 ga Fabrairu

Na fara da 2015. Tun 2013 marubuci Larry Correia ya ƙirƙiro kamfen ɗin Sad Puppies, yana kukan cewa wasu 'yan tsiraru masu ra'ayin sauyi sun mamaye kyautar, suna fifita littattafan wa'azin siyasa a kan labarai masu daɗin karatu. A 2015 Brad Torgersen ya karɓi ragama, sannan Vox Day ya fito da nasa ɓangaren mai zafin kai, Rabid Puppies, ya cika jerinsa da abin da kamfaninsa na Castalia House ya buga. Suka ce wa magoya bayansu ga sunaye, a yi sak.

Lissafin ba shi da wuya. Takardun ƙuri'a 2,122 aka jefa a zagayen farko. Mutum dubu biyu masu karatu daban-daban, kowa da gwaninsa, ƙuri'unsu sun warwatse a kan ɗaruruwan labarai. 'Yan ɗaruruwan da suka rubuta sunaye iri ɗaya kuwa sai suka cinye gurabe biyar na zagayen ƙarshe kaf a rukunai da dama. John C. Wright shi kaɗai sunansa ya fito sau shida kafin a soke ɗaya. Kuma ba su karya ko doka ɗaya ba, nan ne gizo ke saƙar.

Wasu da aka sa a jerin sun ƙi cin moriyarsa. Annie Bellet ta janye gajeren labarinta, Marko Kloos ya janye littafinsa. Janyewar Kloos ce ta buɗe gurbin da The Three-Body Problem na Liu Cixin ya shiga, fassarar Ken Liu, kuma shi ya zo ya ci, ya zama dogon labari na farko da aka fassaro daga wani harshe ya ɗauki wannan kambu. Na gama shi jiya. Farkonsa, inda Ye Wenjie ke kallo ana kashe mahaifinta a gaban taro a zamanin Juyin Al'adu na Sin, ya fi komai a littafin nauyi, domin shi ke sa ka yarda cewa mutum zai iya gayyato baƙi daga wata duniya su zo su hukunta jinsinsa. Bayan nan mutanen littafin sun zama marasa jini a jika, tunanin ne ke tafiyar da komai: duniya mai rana uku da ba a iya hasashen fitowarsu da faɗuwarsu. Ya shiga jeri, amma ba da shi za mu buɗe ba. Wanda bai saba ba zai ajiye shi a tsakiya.

23 ga Fabrairu

Zaman jiya ya yi zafi. A bikin da aka yi a Spokane cikin Agustan 2015, mutum 5,950 suka jefa ƙuri'ar ƙarshe, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma a rukunai biyar suka zaɓi a bar kyautar ba mai ita: matsakaicin labari, gajeren labari, rubutun nazari, da rukunan editoci biyu. Sau biyar kacal aka taɓa yin haka a duk tarihin kyautar kafin daren. Malam yana ganin wannan zalunci ne. Ya ce edita kamar Toni Weisskopf ta kamfanin Baen ta shafe shekaru tana aiki, laifinta kawai wasu sun rubuta sunanta a jerinsu. Ya ƙara da cewa kukan Correia ba duka ne ƙarya ba, kowace kyauta tana da 'yan gida.

Na ba shi gaskiya a kan Weisskopf. A kan sauran kuwa ban bi shi ba, domin na zauna na karanta wasu daga cikin gajerun labaran da aka yi wa sak ɗin, kuma in da daɗin labari ake nema kamar yadda suka yi iƙirari, to ba a kawo shi ba. Akwai masu wa'azi fiye da waɗanda ake zargi da wa'azin, alƙiblar ce kawai ta bambanta. Skin Game na Jim Butcher yana da daɗi, ba musu, sai dai littafi na 15 ne a jerinsa, ba za a miƙa wa sabon shiga ba.

Ribar da na ci a wannan shekara ita ce The Goblin Emperor na Katherine Addison, wanda ya zo na biyu. Maia, ɗan sarkin da aka yasar a ƙauye saboda asalin mahaifiyarsa, ya wayi gari mahaifinsa da yayyensa sun mutu a haɗarin jirgin sama, sarauta ta faɗo kansa bai san ko yadda ake gaisuwa a fada ba. Babu yaƙi, babu ceton duniya. Yaro ne ke koyon wa zai amince wa cikin fadawan da kowa ke da tasa manufa. Sunaye da laƙabobin suna da wahala a babin farko, daga baya harshe ya saba. Ba kimiyya ba ce tsantsa, ya fi kusa da tatsuniya, amma Hugo ta daɗe tana haɗa biyun. Da shi nake so mu buɗe.

16 ga Maris

Azumi ya rage gudun aiki, sai na koma kan gajeru na 2016. Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya ci Hugo da Nebula (kyautar ƙungiyar marubutan fannin) a rukunin matsakaicin labari, ana gama shi tsakanin la'asar da shan ruwa. Yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta gudu daga gida zuwa jami'a a wata duniyar. Sulhun ƙarshe ya zo da sauri fiye da yadda jinin da aka zubar ya cancanta, amma zai kawo muhawara a zaure, shi kuwa ake so.

Folding Beijing na Hao Jingfang ya fi kama ni. Birnin yana naɗewa ya buɗe, an raba awa 48 tsakanin aji uku: mutum miliyan 5 na sama suna da awa 24, miliyan 25 na tsakiya awa 16, miliyan 50 na ƙasa kuwa awa 8 na dare, sauran lokacin suna barci da ƙarfin magani. Jarumin mai aikin tace shara ne da ke neman kuɗin makarantar 'yarsa. Duka biyun sun shiga.

13 ga Afrilu

Ƙanwarmu ta tambaya, "Yaya, to yaya aka yi aka kashe wutar 'yan sak ɗin?" Amsar ita ce ta fi burge ni a duk tarihin nan. Dokar ƙungiyar da ke bayar da Hugo ba ta canzawa sai taro biyu a jere sun amince. Aka kawo sabon tsarin ƙidaya mai suna E Pluribus Hugo a Spokane, aka tabbatar da shi a Kansas City a 2016, ya fara aiki a Helsinki a 2017. A tsarin, kowace takardar ƙuri'a maki ɗaya gare ta, ana raba shi tsakanin abubuwan da mai ita ya rubuta. Sai a ɗauko biyu mafi ƙarancin maki, a fitar da wanda mutane kaɗan suka ambata, a sake rabon maki, a ci gaba. Waɗanda suka rubuta sunaye biyar iri ɗaya sai ka ga sunayen nasu suna cin junansu har saura ɗaya. Aka kuma mai da gurabe shida alhali mutum biyar kawai zai iya rubutawa. An yi gardamar a fili, an jefa ƙuri'a a fili, kowa na iya duba lissafin. Su kuma wasu daga cikin masu ƙorafin suka karkata ga kyautar Dragon da aka fara a Atlanta a 2016, inda Correia ya ci a shekarar farko.

A shekarun ne N. K. Jemisin ta ci dogon labari sau uku a jere, 2016 zuwa 2018, abin da babu wanda ya taɓa yi. Na karanta na farkon, The Fifth Season. An rubuta kashi ɗaya nasa da "ke", kamar ana ba matar labarin kanta, kuma sai kusan ƙarshe kake gane dalili. Duniya ce mai yawan girgizar ƙasa, masu baiwar kwantar da girgizar kuma su ne bayin da ake tsoro ake kuma mora. Ya buɗe da uwa a kan gawar ɗanta wanda ubansa ya kashe. Ƙwarewa kam akwai ta, duk mai cewa don launin fatarta aka ba ta bai karanta ba. Sai dai akwai wuraren da ba na yara ba ne, zan sa masa alama a jeri.

18 ga Mayu

Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Ina cikin karatun 2023 sai ga labari daga Seattle, masu masaukin bana: sun yi amfani da ChatGPT wajen binciken mutanen da suka nemi yin magana a taron. Shugabar taron ta nemi afuwa, jami'ai uku ciki har da Nicholas Whyte mai kula da ƙuri'un Hugo suka ajiye aiki, suna jaddada cewa na'urar ba ta taɓa harkar kyautar ba. Yoon Ha Lee ya janye littafinsa daga takarar Lodestar, kyautar littattafan matasa da ake bayarwa tare da Hugo. Wannan ƙaramar wuta ce in an gwada da wadda nake kai.

An yi taron 2023 a Chengdu ta ƙasar Sin cikin Oktoba. Lissafin ƙuri'un zagayen farko da aka saba saki a daren biki bai fito ba sai 20 ga Janairun 2024. Da ya fito sai aka ga an rubuta "bai cancanta ba" a gaban wasu sunaye, babu dalili: Babel na R. F. Kuang, wanda ya riga ya ci Nebula da kyautar mujallar Locus, da Xiran Jay Zhao, da Paul Weimer, da wani kashi na shirin The Sandman na Neil Gaiman. Dukansu sun sami ƙuri'un shiga. Aka yi ta tambayar Dave McCarty, shugaban masu ƙidaya, a Facebook, yana maimaita cewa sun duba kundin ƙungiya da dokokin da ya zama dole su bi, ya ƙi faɗin wace doka, har da yi wa masu tambaya gatse.

A Fabrairun 2024 Chris Barkley da Jason Sanford suka fitar da rahoto bisa wasiƙun da Diane Lacey, ɗaya daga cikin masu ƙidayar, ta miƙa musu. Nan aka ga McCarty ya umarci abokan aikinsa na Amurka da Kanada su bincika 'yan takara su yi alama a kan duk abin da ya taɓa siyasar Sin, Taiwan ko Tibet. Suka haɗa wa marubuta fayil. An yi wa Weimer alama saboda wai ya je Tibet, alhali Nepal ya je. McCarty da bakinsa ya ce babu wata magana a hukumance tsakaninsu da gwamnatin Sin. Sun riga malam masallaci ke nan.

Abin da aka fi mantawa da shi a gardamar shi ne su wa suka fi asara. Lacey ta ce an jefar da takardun ƙuri'a da dama saboda wata mujallar Sin ta buga jerin shawarwari, aka ɗauke shi a matsayin sak. Kundin ƙungiyar bai ba kowa ikon yin haka ba, ko a 2015 ba a yi wa Puppies ba. Wato a taron farko da aka kai ƙasarsu, marubutan Sinanci da dama aka share daga rukunan labarai, kuma sunayensu ba su yi amo a jaridun Turai kamar na Kuang ba.

Malam yana son ya haɗa 2015 da 2023 a kwando ɗaya, ya ce duk maguɗi ne. Ni ban ga haɗinsu ba. A 2015 masu zaɓe ne suka yi wayo da doka a bainar jama'a, sauran masu zaɓe suka mayar da martani, lissafi kuma ya fito daidai, shi ya sa har yau za ka iya duba shi ka san abin da zai shiga ba don sak ba. Da shi George R. R. Martin ya yi amfani ya raba nasa kyaututtukan na Alfie a daren. A 2023 masu riƙe da akwatin ne suka sa hannu a ciki, lissafin kansa ya zama abin tuhuma. Adrian Tchaikovsky da Samantha Mills, waɗanda suka ci a shekarar, sun fito sun ce ba za su ƙara kiran kansu masu wannan kambu ba.

8 ga Yuni

Na gama Babel da Nettle & Bone na T. Kingfisher, wanda aka ba kyautar. Babel yana Oxford ta shekarun 1830, inda ƙarfin daular Ingila ya dogara ga sandunan azurfa da ake rubuta wa kalmomi biyu na harsuna biyu, ma'anar da ta zube tsakaninsu ita ke zama sihiri. Don haka daula ke kwaso yara daga Canton da Calcutta ta horar da su, harshen uwarsu ya zama makamin cin ƙasarsu. Dabarar ta kai dabara. Amma Kuang ba ta yarda da mai karatu ba, sai ta faɗi abu a labari ta sake faɗa a bayanin ƙasan shafi, Turawan littafin kuma kusan duk fuska ɗaya gare su. Nettle & Bone ƙarami ne, bai ɗauko babban kaya ba: gimbiya ta fita kashe yariman da ke azabtar da yayarta, tare da karen ƙasusuwa da tsohuwa mai kaza mai aljanu. Ya fi Babel tsabtar gini. Babel ya fi shi abin tattaunawa, musamman ga mutanen da suka yi karatun boko da harshen wani. Ƙanwarmu na son a sa Babel a cire ɗayan don huce haushi. Na ce Kingfisher ba ita ta ƙirga ƙuri'a ba.

20 ga Yuli

Glasgow, 2024. Cikin takardun ƙuri'a 3,813 an gano 377 na bogi, da sunaye irin na wasa da sunayen da aka jera bi da bi, yawancinsu suna goyon ɗan takara ɗaya. Masu ƙidaya suka soke su, suka fito suka faɗa tun kafin biki, suka ce babu shaidar ɗan takarar ya sani don haka ba za su ambaci sunansa ba. Weimer ya ci nasa rukunin a shekarar, Zhao ma haka a kyautar sababbin marubuta bayan an ƙara wa'adin cancanta. Some Desperate Glory na Emily Tesh ya ci dogon labari: yarinyar da aka raina a sansanin soja don ɗaukar fansar duniyar da aka hallaka, a hankali ta gane su wa ke cin moriyar fushinta. Ya shiga jeri ba tare da gardama ba.

Akwai abin da ya tsaya mini tun Janairu. Kuɗin mamba mai ƙuri'a a 2025 dala 50 ne. A canjin Yulin 2025 ya haura naira dubu 70, mafi ƙarancin albashi a Najeriya a lokacin. To in an ce "masu karatu sun zaɓa", a san waɗanne masu karatu ake nufi. Duk da haka 'yan ƙasar nan suna kutsawa: O2 Arena na Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci Nebula ya kuma kai zagayen ƙarshe na Hugo a 2022, A Dream of Electric Mothers na Wole Talabi ya kai a 2023. Rosewater na Tade Thompson, wanda ke Najeriyar 2066, bai ci Hugo ba, amma ya ci Nommo ta marubutan Afirka a 2017 da Arthur C. Clarke a 2019, kuma ya fi wasu da suka ci ɗin. Shi ma na manya ne. Na ƙara Noor na Okorafor, ba don ya fi kyau ba, sai don Arewa ce filinsa kuma ɗaya daga cikin jarumansa makiyayi ne Bafulatani. Ina son in ji abin da zaure zai ce game da yadda aka zana mu.

24 ga Agusta

An yi bikin Seattle makon jiya, The Tainted Cup na Robert Jackson Bennett ya ci. Labarin binciken kisa ne: bishiya ta tsiro daga jikin wani jami'i, mai binciken mace ce da ke ɗaure idanunta, yaronta mai haddar duk abin da ya gani shi ke zuwa ya kawo mata rahoto. Na kai rabi, kuma da alama zai ƙwace gurbin buɗewa daga The Goblin Emperor.

Jerin da na miƙa jiya yana da waɗanda suka ci, da na biyu guda, da wanda aka hana shiga, da waɗanda Hugo ba ta ba komai ba. Malam ya duba ya ce saura ɗaya, ya ciro tsohon kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, bugun farkonsa 1969, ya ce ba za a yi shekarar tafiya sararin samaniya a zauren Hausawa a tsallake shi ba. An sa shi a watan farko, gefe da gefe da Binti.

Ƙanwarmu ta kawo shawarar a yi karo-karo a sayi rajistar mamba ɗaya ta taron 2026 da za a yi a Anaheim, don ana ba mambobi kwafin intanet na yawancin ayyukan da suka kai zagayen ƙarshe. Malam ya ce ya amince da sharaɗi biyu: sunan mutum ɗaya na gaskiya, kuma shi mai sunan ya zaɓi abin da ya karanta da kansa, kada zaure ya rubuta masa. Sai an yi rajistar kafin ƙarshen Janairu in ana son shiga zagayen farko. Ba a tsayar da sunan wa za a sa ba tukuna, an ɗage zuwa zama na gaba, ni kuma a lokacin zan kawo rahoton gajerun labaran 2024 da 2025 da ban taɓa ba.